Harshen Kinyarwanda da bin diddigin gwamnati a Ruwanda

Kinyarwanda shi ne harshen ƙasa na Ruwanda, kuma kusan dukkan 'yan ƙasar suna jin sa. Kundin tsarin mulki na 2003 ya jera shi tare da Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma, aka ƙara Suwahili a 2017. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, da Kinyarwanda aka fi gudanar da shari'a. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha kan kisan ta yi aiki da Ingilishi da Faransanci, nesa da waɗanda abin ya shafa. Kotunan al'umma da ake kira Gacaca kuwa, daga 18 ga Yuni 2002 zuwa 18 ga Yuni 2012, sun saurari shari'o'i kusan miliyan biyu a filayen ƙauyuka, inda mai shaida ke magana gaban maƙwabtansa ba tare da tafinta ba. Haka ma a harkar mulki, tun 2006 shugabannin gundumomi ke sa hannu kan alkawuran aiki da ake kira imihigo, waɗanda talaka zai iya fahimta ya auna.

Masu suka na cewa harshe ɗaya bai tabbatar da adalci ba, kuma suna da hujja. Da Kinyarwanda gidan rediyon RTLM ya tunzura kisan 1994. Kotunan Gacaca ba su ba wa waɗanda ake tuhuma lauyoyi ba, ba su kuma saurari laifukan da ake zargin dakarun RPF, ƙungiyar da ta karɓi mulki bayan kisan, da aikatawa ba. Sai dai sukar ta fi shafar 'yancin yin magana, wanda dokoki da masu mulki ke iyakancewa, domin fahimtar abin da ake faɗa a kotu ba ta taɓa zama matsala a Gacaca ba.