Gidan Gaba: Yadda Bel da Jakar Iska Suka Iso Tashar Ɗambatta

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci, tun da hantsi motoci ke jeruwa a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura. Golf da Sharon ne suka fi yawa. Ɗan kamasho na kiran fasinja, kuma lissafinsa a kan Golf ba ya canzawa: huɗu a baya, biyu a gaba. Mace mai goyo sai ta kwanto yaron ta ɗora shi a cinya, don ba a ƙirga shi cikin kuɗin mota. Idan akwai dattijo ko malami, shi ake yi wa kara. "Baba, shigo gaba," in ji direba, sai wani matashi ya matsa ciki ya zauna rabinsa kan kujera rabinsa kan birkin hannu, gwiwarsa na gogar giya.

Darajar gidan gaba ta samo asali tun zamanin gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙauyukan arewacin Kano ta zama kuɗi, kuma sannu a hankali manyan motoci masu bodin katako suka karɓi aikin jakuna da raƙuma. Talaka kan hau saman buhuna, ya sha rana ya sha ƙura. Kusa da direba kuwa akwai inuwa da katifa, wurin attajiri ne ko jakadan hakimi. Motocin ba sa gudu sosai, hanyar ma ba ta bari a yi gudun. A wancan lokaci, wanda aka ba gaba an ba shi wuri mafi kyau, ba ko tantama.

Shekarun 1970 ne suka sauya al'amari. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa Fijo 504 a Kaduna. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, motoci suka yi yawa, gudu ya ƙaru, gawarwaki ma suka ƙaru. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗura tata a 1977, sannan a watan Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Amma tilasta ɗaura bel a faɗin ƙasa sai ranar 1 ga Janairu, 2003 aka fara shi, shekara arba'in da huɗu bayan an ƙirƙiro bel ɗin da muke gani yau.

Wanda ya ƙirƙiro shi wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin. Ya yi aikin kujerun jiragen yaƙi kafin ya koma kamfanin Volvo, inda a 1959 ya fito da bel mai kama ƙugu da ƙirji a lokaci guda, wanda hannu ɗaya ya isa a ɗaura shi. Volvo ya bar wa sauran kamfanoni su yi amfani da fasahar, abin da ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Bayan shekara biyar, wani likita a ƙasar, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama-jannati ke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo, don ƙarfin fizgar ya bazu a gadon bayansu. Daga nan ya zana kujerar jariri mai juya wa gaban mota baya.

Ita kuwa jakar iska, tunaninta ya riga bel ɗin Bohlin. John Hetrick a Amurka da Walter Linderer a Jamus duk sun yi rajistar fasahar a farkon shekarun 1950, sai dai ba su da hanyar cika jakar da saurin da ake buƙata. Sai da aka samu na'urar gane karo, aka kuma samu sinadarin da ke ƙonewa nan take ya fitar da iska, sannan abin ya yiwu. General Motors ya sa ta a wasu manyan motocinsa daga 1974, kasuwa ba ta karɓa ba, ya daina. Mercedes-Benz ya dawo da ita a 1981, tare da wata na'ura da ke fizge bel ya ɗame jiki a daidai lokacin karo.

A nan hanyar Turai da ta Amurka suka rabu, kuma wannan rabuwar ce tushen abin da ya biyo baya. A Turai an ɗauki jakar iska a matsayin mataimakiyar bel, shi ya sa tasu ta fi ƙanƙanta. A Amurka kuwa mutane da yawa ba sa ɗaura bel, don haka doka ta ce dole jakar ta iya tare babban namiji mai matsakaicin jiki marar bel a karon da ya kai gudun kilomita 48 a sa'a. Jakar da za ta yi wannan aiki dole ta fito da ƙarfin gaske. Tana fasa murfinta da gudun da kan kai kilomita 300 a sa'a, ta cika tun kafin ƙiftawar ido ta ƙare. Wanda ke zaune nesa, idan ya iso gare ta ta riga ta cika, sai ta tare shi. Wanda ke manne da ita, shi take duka tana kan hanyar fitowa.

Dokar Amurka ta 1991 ta wajabta jaka biyu a gaba, ta direba da ta fasinja, a dukkan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 1998. Tun kafin wa'adin ya cika labarai masu ɗaga hankali suka fara fitowa. Mota ta bugi wata a hankali a wurin ajiye motoci, direba ya fito ko ƙwarzane babu, yaron da ke kujerar gaba ya rasu. Jarirai da ke cikin kujera mai juya baya, wadda aka kafa a gaba, jakar ta doki bayan kujerar daidai inda kansu yake. Gajerun mata da ke matso da kujera har jikin sitiyari su ma abin ya shafe su. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2008 jakar gaba ta kashe sama da mutum 290 a ƙananan haɗuran da bai kamata kowa ya mutu ba. Mafi yawansu yara ne, kuma mafi yawan mamatan ko dai ba su ɗaura bel ba ko ba su ɗaura shi daidai ba. Jakar ta ceci dubban rayuka a wannan tsakani, wannan gaskiya ne, amma ba ya share hawayen uwar da ta ɗora ɗanta a gaba don ta riƙa kallonsa.

Iyayen da suka rasa 'ya'ya sun matsa lamba, gwamnati ta motsa. A 1997 aka ba kamfanoni izinin rage ƙarfin jakar. Aka manna gargaɗi a jikin abin tare rana, aka shiga yekuwar mayar da yara kujerar baya. A shekarar 2000 aka fitar da dokar da ta mayar da maganin matsalar cikin kujerar kanta, aka fara aiki da ita daga 2003, ta game dukkan sababbin motoci a 2006.

Yadda abin ke aiki yana da ban sha'awa. A ƙarƙashin soson kujerar fasinja akwai na'urar awo, a wasu motocin wata 'yar jaka ce mai ruwa mai kauri da ke jin nauyin wanda ya danne ta, a wasu kuma ma'auni ne a ƙafafun kujerar. Idan nauyin na ƙaramin yaro ne, kwamfutar motar sai ta kashe jakar wannan ɓangare, wata 'yar fitila ta kama a gaban mota. A kan layin da kujerar direba ke zamewa akwai wata na'urar da ke faɗa wa kwamfuta ko ya matso kusa da sitiyari. A cikin makullin bel akwai ta uku, mai shaida ko an ɗaura. Da waɗannan bayanai kwamfutar ke yanke hukunci: jakar ta fito da cikakken ƙarfi, ko da rabinsa, ko kada ta fito sam. Kafin mota ta shiga kasuwa sai an gwada ta da gumakan gwaji masu girman ɗan shekara ɗaya, ɗan uku, ɗan shida da kuma ƙaramar mace.

Duk wannan ilimi an gina shi ne kan zato guda: kujera ɗaya, mutum ɗaya, ya jingina baya, ya ɗaura bel. Motocin da suka cika hanyoyinmu da wannan zato suka zo. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai gwanjon Beljiyam da Jamus ya maye gurbin Fijon Kaduna, wasu ta tashar Legas, wasu ta Kwatano su biyo ta Nijar su shigo ta iyakokin arewa, har zuwa Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da mota ta kan tudu. Daga baya motocin Amurka suka biyo. Ba wanda ya zo da su ya tsaya ya yi wa direban haya bayanin abin da ke cikin sitiyarinsa.

Golf da Sharon na shekarun 1990 ba su san awon kujera irin na dokar Amurka ba. Idan jakarsu na da rai, fitowa za ta yi ko wane ne a gabanta. A motar da ke da awon kuma, uwa da ɗanta a cinya nauyin babba ɗaya ne a wurin na'ura, don haka jakar za ta fito, kuma yaron ne a bakinta. Hannun uwa ba zai riƙe shi ba, domin a karon gudun kilomita 50 nauyin jiki kan ninka har sau 20 ko fiye, yaro mai kilo goma ya koma kamar buhun masara biyu da aka fizge daga hannu lokaci guda. Fasinja na biyu da ke kan birkin hannu ba shi da bel, ba shi da jaka, gilashi ne kawai a gabansa.

Akwai wata ɗabi'ar da ta fi damuna. Direba ya hango jami'an hanya, sai ya jawo bel ya rataya a kafaɗa ya riƙe da hannu, da ya wuce ya saki. Wani kuma don ƙarar gargaɗi ta daina damunsa, sai ya kulle bel ɗin ta bayan kujera ya zauna a kai, wata da watanni yana nan a kulle. Wannan na biyun ya yaudari motarsa. A motoci da yawa, idan kwamfuta ta ga bel a kulle takan jinkirta fitar da jaka har sai karon ya fi tsanani, tunda ta ɗauka bel ya riƙe mutum. Ya rasa bel, ya kuma rage wa kansa jaka.

Sai kuma motocin da suka yi haɗari a ƙasashensu, aka sayo su da araha aka gyara a nan. Jikin mota kan fito fes. Amma jakar da ta riga ta fashe tana da tsada, don haka wasu masu gyara kan yanke ta, su liƙe murfin sitiyari, mai wayarin ya cire ƙwan fitilar gargaɗi. Gane wannan ba wuya: idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kan kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, ko ta kama ta ƙi mutuwa, akwai magana. Haka ma rigar kujera da ake ɗinkawa don kare soso. Tun da Volvo ya sa jaka a gefen kujera a 1994, motoci da yawa na da ita, kuma leda mai kauri na iya toshe mata hanya.

Wasu jakunkunan kuma su kansu ne cutar. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da wani sinadari da zafi da laima ke lalatawa idan ya daɗe, har gwangwanin da ke riƙe da shi ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska da wuya. An kira wajen jaka miliyan 67 don canji a Amurka kaɗai, inda sama da mutum 20 suka mutu, kamfanin ya durƙushe a 2017. Honda da Toyota na shekarun 2000, waɗanda ma'aikatanmu ke so, suna cikin waɗanda abin ya shafa. Wasiƙar kira ta je wa mai motar na farko a can, motar kuwa tana nan tana shan ranar Afrilu da laimar Agusta. Ana iya shigar da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 a shafin hukumar Amurkan a intanet, kyauta, a ga ko an canza mata.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2023, kuma ta daɗe tana cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya. Lodin mutum biyu a gaba laifi ne a dokarta, KAROTA ma, hukumar kula da zirga-zirgar motoci da Kano ta kafa a 2012, tana kama masu lodin wuce kima. Sai dai direban Ɗambatta ba don mugunta yake yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin fasinja na shida shi ne ribarsa bayan ya sayi mai ya ba mai mota balas. Idan aka hana shi ba tare da ƙungiyar direbobi ta gyara kuɗin kujera ba, zai sauke mutum kafin shinge ya sake ɗaukarsa a gaba. Abin da ƙungiyar za ta iya zartarwa tun gobe, ba tare da ko sisi ya ragu a aljihun kowa ba, shi ne ɗan kamasho ya daina sa mai goyo da ƙaramin yaro a gaba, ya nema musu wuri a baya tun ana lodi.