Tsufan da Ake Saye da Kuɗi

A shekarar 1951, kamfanin Leo Fender da ke garin Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar da Precision Bass, jitar lantarki mai kaurin amo wadda ta hutar da makaɗa ɗawainiyar jigilar ƙaton gogen bes. Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Fentin wancan zamani, nitroselulos, ba shi da kauri: yakan tsattsage idan zafi da sanyi suka sauya, yakan kuma goge inda hannu da gumi suka yawaita taɓawa.

Bayan CBS ya sayi kamfanin a 1965 kan dala miliyan 13, sai aka koma ga fentin foliyesta mai kauri, makaɗa da dama kuma suka yi ƙorafin raguwar inganci. Jitocin farko suka yi tsada, tabonsu ya zama shaidar asali.

A 1995 sashen Custom Shop na Fender ya gabatar da jerin Relic: sabbin jitoci waɗanda ake kankare wa fenti, a dusashe ƙarfensu, su yi kama da na shekara talatin. Ƙananan masu ƙira suka bi sahu, suna haɗa wa kowane mai saye irin tsufan da ya zaɓa.

Daga nan tabo ya daina isa hujja. Mai neman jitar 1962 ta gaskiya a yau sai ya sa an kwance wuyanta, an duba kwanan watan da aka buga a gindinsa, kafin ya biya.