Lester Bush, Likitan Da Ya Tono Asalin Wariyar Cocin Mormon

Jama'ar Gashua da Nguru, kaɗan ne cikinmu suka san cewa Najeriya tana cikin wannan tarihi. Shekaru fiye da 120 cocin Mormon na Amurka ya hana baƙar fata muƙamin firist. A farkon shekarun 1960 mutanen Gabashin ƙasarmu suka yi ta rubuta wasiƙu suna roƙon a turo musu masu wa'azi, amma da labarin wariyar ya bazu, gwamnatinmu ta hana su biza.

Lester Bush, wanda aka haifa a 1942, likita ne kuma ɗan cocin. Yana aiki a Saigon lokacin yaƙin Biyetnam ya kammala binciken da mujallar Dialogue ta buga a 1973. Ya nuna cewa tun Joseph Smith, wanda ya kafa cocin, yana raye aka naɗa wani baƙar fata, Elijah Abel, a 1836. Magajinsa Brigham Young ne ya shelanta haramcin a 1852. Ashe abin da ake kira umarnin Ubangiji yana da ranar farawa! Wasu manyan cocin ba su so a buga ba.

A Yunin 1978 aka ɗage haramcin, a Nuwamba kuma aka yi wa Anthony Obinna baftisma a jihar Imo. Bush ya rasu a 2023.