Kyanwar Masar: an ɗaukaka siffarta, an karya wuyanta

A shekarar 1890 an sauke wani kaya mai ban al'ajabi a tashar jiragen ruwa ta Libaful a Ingila: busassun gawarwakin kyanwoyi kusan 180,000, masu nauyin wajen tan 19. Shekara biyu kafin nan aka gano ramin da aka binne su a Beni Hasan, a tsakiyar Masar. Me aka yi da su? Gwanjonsu aka yi, aka niƙa mafi yawansu, aka zuba a gona a matsayin taki.

To, tambayar da ya kamata ka yi ita ce, daga ina Misirawan da suka samo kyanwoyi masu yawa haka?

Wataƙila ka taɓa jin cewa sun girmama kyanwa, kuma gaskiya ne. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan rumbun hatsi dole su ga darajar dabbar da ke kashe ɓera da maciji. Daga nan siffarta ta shiga addininsu. Abar bautarsu Bastet da farko da kan zakanya ake sassaƙa ta, daga baya ta koma mai kan kyanwa, alamar kariyar gida da haihuwa. Babban ɗakin bautarta yana Bubastis, kusa da Zagazig na yau. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce idan kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Shi kuwa Diodorus ya ba da labarin wani Barume da ya kashe kyanwa ba da gangan ba, taron jama'a suka hallaka shi duk da roƙon jami'an sarki.

Ka ji abin da marubuta suka faɗa. Ƙasusuwan kuwa wani labarin daban suka bayar.

Da masu bincike a Landan suka ɗauki hoton eksire na irin waɗannan gawarwaki, sai suka tarar yawancinsu ba su wuce shekara guda ba, wasu ma 'yan watanni ne, kuma akwai masu karyayyen wuya. A 2020 masana a Jami'ar Swansea suka leƙa cikin wata da na'urar sikanin mai ƙarfi: 'yar kyanwa ce da ba ta cika wata biyar ba, ita ma wuyanta a karye. Ka ga waɗannan ba kyanwoyin gida ba ne da tsufa ya kashe aka yi musu sutura. Alamu sun nuna kiwonsu ake yi a kusa da wuraren bauta, a kashe su, a busar da su da kanwa (e, 'yar'uwar kanwar da ka sani a kasuwa, tasu daga Wadi Natrun ake haƙo ta), a naɗe da lilin, a sayar wa maziyarci ya miƙa wa Bastet don neman biyan buƙata. Kasuwa ce sosai. Har ma wani aiki da aka yi a Jami'ar Mancesta kan naɗaɗɗun dabbobi sama da 800 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku babu gawar dabba a cikinsu. Wasu na cewa algus ne, wasu na cewa mai saye ya san abin da ya saya, siffar ce ke da muhimmanci a wurinsa. Ni dai bayani na biyun ya fi kwanta mini, domin ya dace da sauran hujjojin: abin da aka tsarkake shi ne abin da kyanwa ke wakilta, ita kanta kyanwar kayan aiki ce.

Kada ka ɗauka sai mutanen da ke yin haka. Tun 1782 mikiya mai farin kai take kan hatimin Amurka. Amma daga 1917 zuwa 1953 hukumomin Alaska sun riƙa biyan lada ga duk wanda ya harbe ta, wai tana cinye wa masunta kifi, aka kashe sama da 100,000. Maganin ƙwari na DDT ya zo ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi yana fashewa a sheƙa. A 1963, hotonta na kan takardar dala a aljihun kowa, amma a jihohi 48 na ƙasar ma'aurata 417 kacal aka ƙirga. Sai bayan an hana amfani da DDT a 1972 yawanta ya soma farfaɗowa.