Gadar Kennedy da abin da aka yi da haƙƙin da aka samo a kanta

Duk wanda ya san Yamai ya san kogin Isa ya raba garin biyu. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatun ministoci da babbar kasuwa suna ɓangare guda, jami'a kuwa tana tsallake, a Harobanda. A 1990 gada ɗaya tak ce ta haɗa ɓangarorin, wato Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, mai tsawon mita 700 da ɗan ɗoriya. Gada ta biyu, wadda 'yan Sin suka gina, sai a 2011 aka fara hawanta. Ke nan ɗalibin da ke da kuka zuwa ga gwamnati dole ya bi ta kan wannan gada, ruwa a damansa ruwa a hagunsa. Mai son tare shi kuma ba sai ya sha wahala ba, ya tsaya a bakinta kawai ya jira.

Haka aka yi ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990. Ɗaliban jami'ar Yamai, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, suka fito a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka kama hanyar cikin gari cikin lumana. Jami'an tsaro suka tare su a bakin gada, suka buɗe wuta da harsashin gaske. Mutum uku hukuma ta yarda sun mutu: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru. Gommai suka jikkata. Wurin da abin ya faru shi ne a yau ake kira Dandalin Shahidai.

Me suka fito nema? Ba juyin mulki ba. Tun farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe, bashi ya taru, Bankin Duniya da Asusun Lamuni na IMF suka shigo da sharuɗɗansu na tsuke bakin aljihu. A fannin ilimi an zo da wani shiri da ake ce wa Education III. Abin da ɗalibai suka hango a cikinsa shi ne a rage bursu, a raba aji ɗaya wasu safe wasu yamma, kuma wanda ya gama karatu ya daina sa ran gwamnati za ta ɗauke shi aiki kai tsaye. Ga ɗan manomin da ya baro Tanut ko Filinge, wanda bursun nan shi ne cinsa, shi ne kuma ɗan abin da yake aika wa gida, wannan maganar rayuwa ce. 'Yan'uwanmu na Nijeriya ba sa buƙatar dogon bayani a nan, don su ma sun sha maganin SAP, kuma sun ga abin da 'yan sanda suka yi wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ranar 23 ga Mayu 1986.

Abin da ya sa harbin Yamai ya girgiza ƙasa har da lokacin da ya zo. A zamanin Janar Saini Kunce kowa ya san inda ya tsaya; a 1983 an kwashi ɗalibai zuwa barikin soja na Tondibiya, ɗaya daga cikinsu, Amadu Bubakar, bai fito da rai ba. Da Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya zo da abin da ya kira sassauci. Ya saki fursunonin siyasa, har tsohon shugaba Diori Hamani ya samu 'yancinsa. Ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, ya tsaya takara shi kaɗai a Disamba 1989, aka ce ya ci da sama da kashi 99 cikin ɗari. Wata biyu bayan wannan gagarumar “nasara” sai ga gawarwakin 'yan makaranta a bakin gada. Mutanen da aka ce musu tsoro ya wuce suka ga sassaucin iyakarsa fatar baki.

Ni ban kai shekarun sanin komai ba a lokacin. Amma aikin rediyo ya koya mini in tambayi yadda labari ya isa kunnen jama'a, kuma a 1990 babu gidan rediyo mai zaman kansa ko ɗaya a Nijar. Muryar Sahel ce kawai, ita kuwa ta gwamnati ce. Wanda yake son jin wani abu dabam sai ya juya akwatinsa zuwa sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus, ko ya jira direban da ya taso daga Yamai. Duk da haka labarin ya zaga ƙasa. Da Juma'a ta zagayo, 16 ga Fabrairu, dubban mutane suka fito a Yamai, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana gaba, kuma a wannan karon hukuma ba ta yi gangancin harbi ba. A ganina wannan Juma'a ta biyu ta fi ta farko sauya ƙasar, domin a ranar ce ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da uwar ɗalibi suka gane za a iya cika titi ba da izinin kowa ba, a kuma koma gida lafiya.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. A watan Mayu jaridar Haske mai zaman kanta ta fito. A watan nan ne kuma sojoji suka yi wa Buzaye kisan Cintabaradan. Yajin aiki ya bi yajin aiki, har ranar 15 ga Nuwamba 1990 Ali Shaibu ya amince da jam'iyyu barkatai. Ana yawan cewa jawabin da shugaban Faransa Mitterrand ya yi a La Baule a watan Yuni 1990 shi ya kawo mana dimokuraɗiyya. Duk lokacin da wani baƙo ya faɗi haka a shirina nakan tuna masa cewa Fabrairu ta riga Yuni. Mata ma ta titi suka bi: ranar 13 ga Mayu 1991 suka yi jerin gwano saboda mace ɗaya kacal aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, kuma wannan rana ce har yau ranar matan Nijar.

Taron gamin gambiza ya buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 a ƙarƙashin Farfesa Andre Salifu, bai tashi ba sai 3 ga Nuwamba. Ɗalibai ba 'yan kallo ba ne a zauren, USN na da muryarta daidai da ta 'yan ƙwadago da ta gwamnati. Ana watsa muhawarar kai tsaye a rediyo. An kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, an taso da maganar 9 ga Fabrairu, shugaban ƙasa da kansa ya zo gaban taro ya amsa tambayoyi. A ƙarshe an bar masa suna, an ƙwace iko, aka miƙa wa Firaminista Amadu Shehu. To amma amsa tambaya a zauren taro dabam, shari'a a kotu dabam. Shi ya sa duk ranar 9 ga Fabrairu, in 'yan USN suka tsallako gada don tunawa da shahidansu, buƙatarsu ba ta sauya ba: a gurfanar da wanda ya ba da umurni da wanda ya harba.

A rubuce dai an samu haƙƙin. Kundin tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya amince da 'yancin taro da jerin gwano a sashe na 32. Dokar watan Yuni 2004 ta ce masu shirya zanga-zanga su sanar da hukumar gari aƙalla kwana biyar kafin ranar. Sanarwa ta ce, ba roƙon izini ba. Sai dai dokar ta bar wa magajin gari damar hanawa in ya ga za a tada hankalin jama'a, kuma ta wannan 'yar kafa aka shigar da raƙumi. Mu da ke aiki a gidajen rediyo mun san yadda abin yake zuwa: takardar hani takan iso da maraice, ana gobe za a fito, lokacin da masu shiri ba su da sauran sararin da za su kai ƙara gaban alƙali ya saurare su. Dalilin kusan kullum ɗaya ne, matsalar tsaro. Ba na musun akwai matsalar tsaro a ƙasar nan. Abin da nake lura da shi shi ne ba ta cika tasowa ba in gangamin goyon bayan gwamnati za a yi.

Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibai suka sake fitowa kan bashin bursu da halin da jami'a ke ciki. Jami'an tsaro suka shiga harabar jami'ar Yamai da barkonon tsohuwa da kulki, aka kama ɗaruruwa, aka rufe makaranta, ɗalibi Mala Bagale ya rasu. Hukuma ta ce faɗuwa ya yi, abokansa suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi a ka. Abu guda ya bambanta da 1990: wayar salula. Wani bidiyo ya bazu na 'yan sanda suna lakaɗa wa ɗalibi duka a bayan mota, kuma saboda shi kotu ta ɗaure uku daga cikinsu shekara guda. Ƙananan ma'aikata ne, ba shakka, amma ko wannan iyayen 1990 ba su gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa ke kan mulki a lokacin. Jam'iyyar PNDS ta Mahamadu Isufu an kafa ta ne a ƙarshen 1990, cikin iskar da jinin gada ya buɗe wa ƙofa, kuma da yawa daga jiga-jiganta tsofaffin 'yan USN ne da 'yan ƙwadago. Sun san ɗanɗanon barkonon tsohuwa. A hannunsu ne, ranar 25 ga Maris 2018, aka hana zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, aka kama shugabannin farar hula irin su Ali Idrisa da Nuhu Arzika da Musa Cangari, wanda shi kansa a USN ya yi wayo, aka rarraba su gidajen kaso na nesa da Yamai har tsawon watanni. Ranar 15 ga Maris 2020 kuma aka tarwatsa masu neman bahasi kan kuɗin sayen makaman soja, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutane suka mutu a cikinta. Masu shirya gangamin aka kama.