Asalin Tsauni ta Ƙasar Kance

Tsauni gari ne na manoma a jihar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar. Ba shi da nisa da Matamaye, iyakar Najeriya kuma tana kusa, har ma mutumin wannan yanki ya fi saurin isa Daura a kan ya isa Zinder. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, sai fadamu nan da can inda ruwa ba ya da zurfi. Hausawa ne suka fi yawa, akwai kuma Fulani da Buzaye masu kiwo.

Wanda ke son sanin asalin wurin, sai ya fara da Daura. A zamanin da, ƙasar Kance, wadda Tsauni ke cikinta, tana maƙwabtaka da ƙasar Daura ne. Da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, sarkin Haɓe Abdu, wanda ake kira Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka yi ta sauya mazauni a arewa da gabashin birnin, wasu suka kafu a Zango, wasu a Ɓaure. Ƙasa ta rabu, kowa yana cewa shi ne mai Daura.

To, inda ƴan gida suka rabu, maƙwabci mai ƙarfi ba ya zama yana kallo. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya gina ganuwar Zinder, ya kuma sa aka ƙera masa igwa, shi ya miƙo hannu kudu. Kafin rasuwarsa a 1884, Kance da garuruwanta suna kai gaisuwa Zinder. Talakan ƙauye dai gonarsa ba ta motsa ba, hanyar da damin geronsa ke bi zuwa fada ce ta juya zuwa Zinder.

Sai Nasara. Faransawa suka ci Zinder a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903. Suka zauna can Turai suna ja-in-ja a kan takarda, a 1898, da 1904, da 1906, kafin a zo a kakkafa alamun iyaka. Faransawa sun nace sai an bar musu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder da tafkin Cadi, aka kuwa ba su. Kance ta faɗa hannun Faransa, Daura da Zango suka faɗa hannun Ingila. Da haka wa ya kwana yana biyan haraji da sefa, ƙane yana biya da sule. Amma aure bai tsaya ba, kasuwa ma haka. Har gobe hanyar da ta taso daga Takeita tana ratsa Matamaye da Ɗan Barto ta shiga Najeriya ta Kwangwalam, kuma idan aka rufe ta, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023, a farashin kwanon hatsi ake fara ganewa.

A zamanin Faransawa gyaɗa ce sarauniya, da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. Farin 1973 da na 1984 suka karya ta, suka bar gonaki fayau, iska na kwashe rairayi tana binne shuka.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, ya fi cancanta a rubuta a tarihin wannan ƙasa, ko da yake ba sarki a cikinsa, ba yaƙi. Manoma suka daina tumɓuke kowane tsiro lokacin sharar gona. Mutum zai duƙa gaban kututture, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙwari, ya sassabe sauran, ya bar su su tashi. Sassaben zamani ake ce masa. Itacen da aka fi bari kuwa gawo ne, saboda halinsa daban yake: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ƴaƴansa su riƙa faɗowa, awaki na rububi a gindinsa suna barin kashinsu a gonar. Duba zangarniyar geron da ke ƙarƙashin gawo, ka duba ta nesa da shi, ba sai malamin gona ya yi maka bayani ba. Yankin Matamaye da Magariya da Mirya ya yi suna da wannan, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo.

Ita kuwa ƙaramar hukumar Tsauni, yarinya ce. A 2002 aka yi dokar raba Nijar zuwa ƙananan hukumomi, aka yanko ta daga ƙasar sarkin Kance, tare da irin su Dawushe, Kurni, Yawuri da Ɗan Barto. A 2004 aka yi zaɓen farko na kansiloli, su kuma suka zaɓi magajin gari. Sarauta ba ta gushe ba: rikicin gona ko na gado, wurin mai gari ake fara kai shi, in ya gagara a wuce Kance. Takardar haihuwa da harajin kasuwa su ne na ofishin magajin gari. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomin ƙasar baki ɗaya, ta naɗa kantomomi a madadinsu.