Tarihin Ɗan Injin Tururin Ɗakin Kimiyya

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro zai samo karan dawa ko gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura zare, sa'an nan ya bi lungu yana ja yana kukan mota da bakinsa. Wato dai shi ne direba, shi ne kuma injin. 'Ya'yan masu hali na ƙasashen Turai kuwa, tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani abin wasa dabam ake saya musu: ɗan ƙaramin injin tururi na gaske, wanda ake zuba wa ruwa, a hura masa wuta, ya tashi yana juyi da kansa, har ya riƙa jan waɗansu ƙananan injuna kamar yadda ake yi a masana'anta.

Irin wannan ne kwamitin ƙungiyarmu ya tarar a cikin siton ɗakin kimiyya lokacin da aka je gyaran rufi, yana kwance a ƙarƙashin karyayyun kujeru. Tukunyarsa ta tagulla ba ta fi gwangwanin madara girma ba. A gefenta akwai silinda da fistin da wani wili mai nauyi, a gaba kuma an jera kayan aiki huɗu a kan katako: dutsen wasa ƙarfe, da abin goge ƙarfe, da 'yar guduma, da injin huda. Tun daga ranar aka rabu biyu. Waɗansu suka ce a goge shi, a shafa masa sabon fenti, a sa shi cikin akwatin gilashi a ofishin shugaban makaranta. Waɗansu kuma suka ce a gyara shi ya tashi, a mayar wa malamin kimiyya. Ina cikin kashi na biyu, kuma tarihin abin ne hujjata.

A lokacin sanyin shekarar 1763 zuwa 1764, a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, aka miƙa wa wani saurayi mai gyaran kayan awo, James Watt, wani ɗan ƙaramin inji ya gyara. Samfuri ne na injin da Thomas Newcomen ya ƙera a 1712 don tsotse ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, kuma amfaninsa a jami'ar shi ne a nuna wa ɗalibai. Watt ya gyara, amma sai ya ga da ya buga sau kaɗan sai tururi ya ƙare. Wani da ya ce ai dama abin wasa ne, ya karɓi ladansa ya yi gaba. Shi kuwa sai ya tsaya bin diddigi, har ya gano cewa dabarar Newcomen ce ke da aibu: a kowane bugu ana watsa ruwan sanyi a cikin silinda don tururi ya koma ruwa, sa'an nan sabon tururi ya ɓata yawancin ƙarfinsa wajen sake ɗumama silindar. A 1765 ya samo mafita, wato a yi wani mazubi dabam inda tururi zai je ya huce, ita kuwa silinda a bar ta da zafinta. Ya sami takardar mallakar dabarar a 1769, ya haɗa gwiwa da attajiri Matthew Boulton na birnin Birmingham a 1775, kuma zuwa farkon shekarun 1780 injinsu ya iya juya wili, ba tsotsar ruwa kawai ba. Wannan ɗan samfurin da ya jawo duk wannan yana ajiye a gidan tarihi na Hunterian na jami'ar. Amma a lura, sai da ya gama aikinsa a hannun mai gyara sa'an nan ya shiga gilashi.

Da inji ya iya juya wili sai fasalin masana'antu ya sauya. Inji guda ne a gefe, yana juya wata doguwar sandar ƙarfe da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufi, daga jikinta kuma bel-bel na fata suna saukowa zuwa kowane injin aiki. In babban injin ya tsaya, kowa ya tsaya. Haka aka yi ta aiki fiye da shekara ɗari, sai da lantarki ya zo aka ba kowane inji motarsa. Namu ɗan injin hoton wancan zamani ne daidai wa daida, domin shi ma sanda guda ce ke raba ƙarfi ga kayan aikin nan huɗu. Ita ma silindarsa, wadda ke rausaya hagu da dama ta buɗe wa tururi ƙofa ta rufe da kanta, dabara ce da ake dangantawa da William Murdoch, ma'aikacin su Boulton da Watt.

Jamusawan birnin Nuremberg, irin su kamfanin Bing, su ne suka fara cika kasuwa da irin waɗannan kayan wasa. Namu kuwa tambarin Mamod ne a jikinsa, kamfanin da Geoffrey Malins ya kafa a Birmingham a 1937, wanda ya rufe a 2024. Fitilar da ke ƙarƙashin tukunyar ta sifirit ce, kuma wannan shaida ce mai amfani, domin kafin shekarun 1970 su ƙare kamfanin ya daina irin wannan fitila saboda tsoron gobara, ya koma wata ƙwaya mai ci da wuta. Hakan ya yi daidai da abin da wani tsohon malaminmu na kimiyya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya shaida mana, cewa shi ma tarar da injin ya yi, kuma waɗanda suka gabace shi sun ce ya zo ne tare da kayan ɗakin gwaji a farkon shekarun 1970.

To, mai karatu zai ce ina ruwan Kano da wannan? Ai kuwa babu birnin da tururi ya juya wa rayuwa a Arewa kamar Kano. Gwamna Percy Girouard, wanda asalinsa injiniyan reluwe ne, shi ya tsaya a kan shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Jiragen ruwa masu tururi ne suka hauro da ƙarafan har Baro, dubban talakawa kuma suka yi aikin, da yawansu ba da son ransu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila, amma manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in an matsu ana iya ci. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, da arzikin su Alhaji Alhassan Ɗantata, duk a bayan tukunyar tururi suka hau. Kwal ɗin Inugu ne abincin jiragen, har zuwa 1955 da aka fara shigo da masu shan dizal, daga nan na tururi suka riƙa ja da baya har suka ɓace.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafe mu mu mazauna Gwammaja. Unguwarmu a gindin Dala take, kuma Dala tushen ƙarfe ce. Tarihin Kano ya ambaci Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama, binciken masu tonon tarihi kuma ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ko sunan Ƙofar Mazugal ana danganta shi da zuga-zugan maƙera. Da jirgi ya zo, sai ƙarfen Turai da tarkacen reluwe suka yi arha, narka tama ta zama wahalar banza, sannu a hankali aka daina. Ƙira ba ta mutu ba, har ma ta ƙaru, domin maƙeri ya sami ƙarfe a sauƙaƙe. Abin da ya mutu shi ne sanin yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse. Shi kuwa sanin yadda ake ƙera injin bai zo tare da jirgin ba. An koya wa mutanenmu tuƙi da zuba kwal da gyara a manyan garejin reluwe na Ebute Metta da Inugu da Zariya, amma kawunan jiragen daga ƙasashen waje ake kawo su a ƙere. A ganina nan ne aka yi mana ƙwange, ba wurin kuɗin gyaɗa kaɗai ba.

Da kwamiti ya yarda a gwada gyaran, a gidana na Gwammaja aka ajiye injin, kuma babu abin da aka aika a sayo daga waje. Aikin farko shi ne wanke cikin tukunya. Shekara da shekaru ana zuba mata ruwan rijiya, ya bar wani farin dasashi kamar na gindin buta, wanda ke hana zafi ratsawa, yana kuma toshe bututu. Ruwan lemon tsami da ɗumi aka jiƙa ta da shi, aka ɗauraye sau da yawa. Da ta fito fes sai muka duba ko akwai ɗigo-ɗigon ja a jikinta, domin ita tagulla gami ce ta jan ƙarfe da tutiya, in tutiyar ta zagwanye sai wurin ya yi ja ya zama kamar soso, tukunya kuwa in ta kai haka sai dai a haƙura. Tamu ta tsira. Inda ta lalace shi ne wajen haɗin bututun tururi, dalmar ta narke ta zubo, alamar wani ya taɓa barin wuta a ƙarƙashinta bayan ruwa ya ƙone.

Wani dattijo mai gyaran lagireto a Ƙofar Ruwa muka kai wa. Bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya juya shi sau biyu a hannu, ya busa bututun, ya ce, "Alhaji, ai wannan buta ce aka toshe wa baki." Ban ji bayanin da ya fi wannan ba a aji. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki, in ya rasa mafita sai ya tura duk abin da ya tare shi, ko fistin ko kuwa bangon tukunyar. Dattijon ya kankare tsohuwar dalma, ya sake liƙi, ya kuma ƙi yarda a ɗora ta a wuta sai an gwada ta da ruwan sanyi: aka cika ta maƙil, aka matsa da famfo. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni sai dai ya yi yoyo, tururi kuwa fashewa yake yi. Haka sufetocin tukunyar jirgi suke yi, shi kuwa a jikin lagireto ya koya.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ɗan bawul ɗin da ke saman tukunya, wanda ke sakin tururi in ya yi yawa, ya ci tsatsa ya kafe. Aka warware shi, aka sa sabon sifirin mai laushi daidai da na da, aka yanko masa sabon wasa. Fuskar silinda, inda take gogar jikin injin, an daidaita ta a kan gilashi da lallausan samfefa har ta daina huci. Wani mai gyaran agogo ya samo mana siririn sifirin da ya maye gurbin bel-bel ɗin da suka ɓace. Fenti kuwa ba mu taɓa ba. Ja da koren da suka koɗe, da baƙin hayaƙin da ke gindin tukunya, su ne shaidar cewa an taɓa koyar da yara da shi, kuma masu tara irin waɗannan kaya ma sun fi daraja wanda ke da fentinsa na asali.

Da aka hura masa wuta, bayan 'yan mintoci tukunya ta fara kuka, aka ɗan taɓa wilin, sai ya kama. 'Yar gudumar tana sara, dutsen wasa yana juyi. Yaran maƙwabta suka cika zaure, wani a cikinsu, wanda bai wuce aji biyar na firamare ba, ya tambaya ina batirin yake.

Wannan tambaya ita ce amsata ga masu son akwatin gilashi, tare da girmamawa, domin akwai yayyenmu da malamanmu a cikinsu. Mun ga abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982: gwamnati ta sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai, a makarantu da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu, wani wuri babu wuta, wani wuri babu malami, wani wuri kuma tsoron kada a lalata ne ya sa aka kulle. Mu kanmu mun haddace sauyawar zafi zuwa motsi, mun rubuta a jarrabawa, mun ci, alhali abin da zai nuna mana shi yana bayan bango a cikin sito. Shi wannan ba ya bukatar lantarki ko janareto. Ruwa rabin kofi da ɗan sifirit sun ishe shi.

Masu tsoron haɗari suna da gaskiyarsu, wuta ce da ruwan zafi a gaban yara. Don haka shawarar da zan kai gaban babban taro ita ce a miƙa injin ga malamin kimiyya da sharuɗɗa a rubuce a jikin murfin akwatinsa. Malami kaɗai zai hura shi. Ruwan sama ko tataccen ruwa za a zuba, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunya. Ba a ƙara sifirit sai an ƙara ruwa, ba a kuma ɗaure bawul don neman gudu. In an gama a juye ruwan, a ɗiga mai a silinda. Ƙungiya ta ɗauki nauyin sifirit da mai, ta kuma riƙa kai tukunyar gwaji sau ɗaya a shekara. Mun auna, cikawa guda tana kai shi wajen minti goma sha biyar yana aiki, darasi kuwa minti arba'in ne, saboda haka malami yana da sauran lokacin zane a allo da amsa tambayoyi.